Volkswagen Beetle mai mutuwa idan ta ɗauki zafi: daga ina ake fara bincike?

Wani bawan Allah daga Barnawa a Kaduna ya aiko da tambaya a kan motar da ya gada daga mahaifinsa, Volkswagen Beetle ta ƙarshen shekarun 1970, wadda ta daɗe a ajiye a gida ba a motsa ta ba. Ya ce an sa mata sabon batir da sababbin fulogogi ta tashi, amma kullum da safe sai an sha fama kafin ta kama, kuma idan ya hau hanyar Zariya, kafin ya kai Jaji sai ƙarfinta ya ragu, ta fara sarƙewa, daga nan ta mutu, ba kuma za ta sake tashi ba sai ta huce. Bakanike ɗaya ya ce ya sayi sabuwar kafireta, wani kuma ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya an yi masa garambawul. Yana son ya san wanne zai bi.

Malam, Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa. Shawarata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna, domin a bayaninka ban ga inda wani daga cikinsu ya auna wani abu ba, alhali wannan inji ne da ake gane ciwonsa ta hanyar awo, kuma awon yana da tsari wanda idan aka tsallake matakin farko duk abin da aka yi a baya ya zama aikin banza. Alamomin da ka lissafa suna iya fitowa daga bawul, ko daga wuta, ko daga hanyar fetur, ko daga iskar da ke sanyaya injin, kuma mafi yawan waɗannan gyaransu ba shi da tsada. Kafireta ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa, ko da yake ita ce ta farko da hannun bakanike yake kai wa, saboda ita ce a sama, ita ido yake fara gani idan an ɗaga murfin baya.

Ba na ganin laifin kanikawan ƙwarai. Kaduna garin Peugeot ne: a 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kuma manyan kanikawan garin nan a kan 404 da 504 suka koyi aiki, motoci masu lagireto da ruwa. Beetle kuwa a Ojo ta Legas aka fara harhaɗa ta a wannan shekarar, kuma injinta daban yake tun daga tushe. Yana baya, silinda huɗu ne kwance, biyu dama biyu hagu, ba shi da lagireto, ba shi da ko ɗigon ruwa. Abin da ke hana shi ƙonewa shi ne iskar da fanka take hurawa a kan silindojin da kuma baƙin man da ke zagayawa a ciki. Ko kana da mai cc 1285, ko 1493, ko 1584, ƙa'idar ɗaya ce. Lambar injin tana buge a jikinsa ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da janareto, kuma yana da kyau ka rubuta ta ka ajiye, domin motocin nan da yawa an canza musu inji a tsawon shekaru, ba lalle ne wanda ke ciki ya zama wanda ta fito da shi ba.

Ka fara da baƙin mai, kafin ka sake hawa hanya da motar ko sau ɗaya. Lita 2.5 kacal injin yake ɗauka, kuma ba shi da filtar mai irin ta sauran motoci, sai wata 'yar rariya ta ƙarfe a ƙasan injin, cikin faranti mai noti shida. Saboda ƙarancin man da rashin filta ne ake juye shi duk kilomita 5,000, kuma a lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa gara a rage wannan tazara. A juye man yana da ɗumi, a kwance farantin, a wanke rariyar da fetur, a sa sababbin gaskit biyu, sannan a ɗaure notocin a hankali, domin ƙanana ne kuma ba su son ƙarfi. Ka tsaya da kanka ka duba abin da ya taru a rariyar da cikin farantin. Baƙin datti mai kauri ba abin tsoro ba ne a motar da ta daɗe a ajiye, amma idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, to maganar bakanike na biyu ta fara samun nauyi. A zafin Kaduna mai 20W-50 ko SAE 40 ya fi dacewa da shi. Ruwa-ruwan man da ake zuba wa motocin zamani yakan bi ta kowace kafa ya tsiyaye. Matacin iskarsa ma, idan na asali ne, mai ne a cikinsa: ana zubar da tsohon, a kankare lakar da ta kwanta a ƙasa, a zuba sabo zuwa layin da aka zana. Kada wani ya ruɗe ka ka cire shi ka sa ɗan ƙaramin mataci mai ƙyalli, domin a ƙurar Disamba da Janairu na asalin ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Daga nan sai bawul, kuma a nan nake son ka fi mai da hankali, domin ina zargin wahalar tashin safe daga nan take. Kowace silinda tana da bawul biyu, na shigar da fetur da na fitar da hayaƙi, kuma tsakanin kan bawul da ɗan hannun da ke danna shi dole a bar rata ta milimita 0.15 idan injin ya yi sanyi ƙalau, wato wanda ya kwana ba a tayar ba. Wannan rata ba ta tsayawa yadda aka bar ta. Bawul ɗin hayaƙi yana shan zafi mai tsanani, a hankali yana miƙewa, mazauninsa kuma yana lotsawa cikin kan silinda, sai ratar ta riƙa ƙanƙancewa har ta ɓace. Bawul ɗin da ba shi da rata ba ya rufewa sosai, saboda haka matsin silinda yana zurarewa, motar ta ƙi tashi da safe, ta kuma rasa ƙarfi a hanya. Abin da ya fi wannan muni shi ne, bawul yana sauke mafi yawan zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa, don haka wanda ba ya zama sosai zafi yake tarawa har bakinsa ya ƙone, ko kansa ya gutsure ya faɗa kan fistan. Idan haka ta faru ana tafiya, injin ya gama aiki a wannan daƙiƙar.

Aikin saita su ba shi da wuya, sifana mai lamba 13 da sukudireba da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna rata, kawai yake buƙata. Idan ka tsaya a bayan motar kana kallon injin, silinda ta 1 tana dama can ciki wajen gaban mota, ta 2 tana dama kusa da kai, ta 3 tana hagu can ciki, ta 4 tana hagu kusa da kai. Wuta tana bin su a jere 1, 4, 3, 2. Ana cire hular distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogogi, a juya injin da hannu har rota ta kalli ɗan tsagin da ke bakin distiributar, alamar da ke jikin fulin ƙasa kuma ta yi daidai da layin da ya raba gangar jikin injin gida biyu. A wannan matsayi ake saita bawul biyu na silinda ta 1. Daga nan a juya fulin rabin zagaye ta baya, wato zuwa hagu, a saita ta 2, a ƙara rabin zagaye a saita ta 3, a ƙara a saita ta 4. Fila geji ya kamata ya shiga yana ɗan ja kaɗan, ba a tura shi da ƙarfi ba, ba kuma yana yawo ba, sannan bayan an ɗaure noti a sake gwadawa, domin ɗaurin yakan motsa saitin. Marufan bawul ɗin waya ce take riƙe da su, kuma a sa musu sabon gaskit, in ba haka ba mai zai riƙa ɗiga a kan bututun hayaƙi.

Akwai kanikawan da sukan matse bawul don injin ya yi shiru mai mota ya ji daɗi. Ka hana kowa yi maka haka. Beetle mai lafiya tana da ɗan ƙas-ƙas a wajen bawul, kuma wadda ta yi tsit ita ce abin tsoro. Kafin a saita, a fara auna ratar da aka tarar a rubuta a littafi, bawul takwas ɗin duka, kuma a riƙa yin haka duk lokacin juye mai. Amfanin rubutun shi ne, idan bawul ɗaya ya riƙa matsewa sabis bayan sabis alhali sauran suna nan yadda aka bar su, to miƙewa yake yi, kuma yana gaya maka a cire kan silindar a canza shi tun bai karye ba. Yawanci na hayaƙin silinda ta 3 ne yake fara wannan hali, saboda a tsofaffin injinan na'urar sanyaya mai tana tsaye a cikin gidan fanka daidai kan hanyar iskar da ke zuwa wannan silinda, sai iskar ta iso mata da ɗumi. A injinan Jamus daga samfurin 1971 an matsar da na'urar waje aka ba ta hanyar iskarta daban, amma da yawa daga cikin waɗanda ke ƙasar nan tsohon tsarin ne da su.

Bayan bawul sai wuta. A cikin distiributa akwai kontak, ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don samar da tartsatsin wuta, wanda ratarsa idan ya buɗe gaba ɗaya milimita 0.4 ce. Idan bakinsa ya ƙone ko ya yi tsini a gefe ɗaya, a canza shi tare da kwandensa, a shafa ɗan giris kaɗan a jikin sandar da ke buɗe shi. Ratar fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, kuma tun da ka ce sababbi ne, ka tabbatar irin nata ne, kamar Bosch W8AC ko NGK B5HS, domin fulogi mai dogon zare yana iya lalata kan silinda. Da hannu ake fara ɗaura fulogi kafin a sa sifana, saboda kan silindar alminiyom ne, zarensa ba ya jure karkata.

Sai an gama da kontak ake taɓa taimin, wato lokacin da wuta take tashi a fulogi, domin duk canjin da aka yi wa ratar kontak yana motsa taimin ɗin. A nan ne ake yi wa motocin nan ɓarna mafi yawa. Al'adar gareji ita ce a sassauta distiributa a riƙa murɗa ta ana saurare har injin ya yi sauti mai daɗi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, sannan a ɗaure. Matsalar ita ce, inda sautin ya fi daɗi a silo kusan kullum wutar ta yi gaba fiye da kima, kuma inji mai sanyaya da iska idan wutarsa ta yi gaba zafi yake yi a babbar hanya, ya riƙa ƙarar ƙyal-ƙyal idan an taka totur a hawa, har ya kai ga huda fistan. Distiributoci da yawa na Beetle ana saita su a digiri 7.5 kafin fistan ya kai ƙololuwa, ana iya yin haka da ɗan ƙwan fitila injin yana kashe. Amma da yake an sha canza distiributa da fuli a motocin nan, abin da ya fi aminci shi ne a nemo fitilar taimin, a cire tiyon iskar distiributa idan tana da shi, a ɗaga injin zuwa juyi 3,000 ko sama a minti, a tabbatar wutar ta tsaya tsakanin digiri 28 da 32, ba ta wuce ba. Da irin zafinmu na Maris da Afrilu, da fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba, ni na fi son a tsaya a 28 zuwa 30.

Yanzu mu zo ga mutuwar da take yi a hanya. Motar da ke mutuwa da zafi ta tashi bayan ta huce, ko dai wuta ce take ɗaukewa ko fetur ne yake yankewa, kuma ba a gane wanne ne a gareji injin yana sanyi. A bakin hanya ake ganewa, a cikin minti biyun farko bayan ta mutu. Ka kashe makulli, ka cire matacin iska, ka leƙa cikin maƙogwaron kafireta, ka ja hannun totur sau ɗaya ko biyu. Idan ka ga siririn fetur ya yi tsartuwa a ciki, to kafireta tana da mai, matsalar ba ta fetur ba ce. Sai ka mayar da matacin, ka zare wayar tsakiya daga hular distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin injin, nesa da kafireta da tiyon fetur, wani ya murɗa makulli. Wuta mai lafiya shuɗiya ce mai ƙara. Idan ja ce mai rauni, ko babu ita sam, to kwayil ne ko kwandensa, domin dukansu biyu suna da halin yin aiki da sanyi su gaza da zafi.

Game da kwayil akwai abin da ake yawan kuskurewa. Beetle mai batir na volt 12 tana son kwayil mai juriyar ohm 3 zuwa 4 tsakanin ƙananan bakunansa biyu, wanda ke karɓar wutar batir kai tsaye. Motoci da yawa kuwa kwayil ɗinsu mai ƙaramar juriya ne wanda aka yi shi don ya yi aiki tare da wata na'urar rage wuta. Idan aka ɗauko irin wannan daga wata mota aka ɗaura wa Beetle, zai tayar da ita lafiya lau, amma bayan rabin sa'a zai yi zafin da ba a iya taɓa shi, ya ƙona kontak, wuta ta ɗauke. Mita ta masu gyaran wayarin za ta nuna maka wannan nan take. Baki mai lamba 15 shi ke karɓar wuta daga makulli, mai lamba 1 shi ke zuwa distiributa, kuma ka duba ko an juya su.

Idan kuwa ka ja totur ba ka ga fetur ba, to a motar da ta yi shekaru a ajiye tanki nake fara zargi. Tankin yana gaba, yana ɗaukar kimanin lita 40, kuma fetur ɗin da ya tsufa a ciki yakan bar tsatsa da danƙo. Ana tafiya tsatsar tana taruwa a bakin mafitar tankin har ta toshe ta, idan an tsaya ta saki ta koma ƙasa, sai mai mota ya ɗauka hucewa ce ta gyara motar. Haka nan idan hanyar numfashin tankin ta toshe: ka buɗe murfinsa a lokacin da ta mutu, idan ka ji ya zuƙi iska, ka gano ɓarawon. Tanki irin wannan sauke shi ake yi a wanke, a hura bututun ƙarfen da ya bi ta tsakiyar motar zuwa baya. Famfon fetur kuma, wanda ke zaune a jikin injin, idan robar cikinsa ta bushe yakan gaza da zafi, wani lokaci ma ya riƙa zubar da fetur cikin baƙin mai, abin da za ka gane idan gejin mai, wato sandar auna baƙin mai, yana warin fetur ko man yana ƙaruwa da kansa. Akwai kuma tafasar fetur a cikin bututu idan ɗakin injin ya yi zafi fiye da ƙa'ida, kuma wannan alama ce ta wata matsalar, wato ta sanyaya.

Tun da muna kan fetur, dole in yi maka gargaɗi a kan gobara, domin ita ce ta cinye Beetle da yawa. Duk tiyon fetur na roba da ke motar nan a canza shi yanzu, ko da a ido yana da kyau, a sa masa kilif a kowane baki. Ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta da na famfo matsa su kawai aka yi, kuma da tsufa sukan zare, fetur ya fesu a kan distiributa. Shi ya sa ba a rataya filtar fetur tsakanin famfo da kafireta, inda nauyinta zai riƙa jan bututun. Wurinta ƙarƙashin tanki ne ko kusa da giyabos, wajen ɗakin injin. Gangar jikin injin da garwayen maganiziyom aka yi ta, ƙarfen da idan ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, don haka ka ajiye abin kashe gobara mai hoda inda hannunka zai kai. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma dole a rufe kansa, domin ƙarafan kujerar suna iya taɓa shi idan mai nauyi ya zauna.

Raguwar ƙarfin da kake ji kafin ta mutu ita ta sa nake son a duba sanyaya da idon basira. Fankar tana maƙale a bayan janareto, bel ɗaya ne yake juya su tare. Idan ka danna tsakiyar bel ɗin da babban yatsa ya kamata ya lotsa kamar milimita 15, kuma ana daidaita shi ne ta hanyar ƙara ko rage 'yan wasoshin da ke tsakanin ɓari biyu na fulin janareto. Ma'anar wannan ita ce, jar fitilar caji a Beetle ba maganar batir kaɗai take yi ba: idan ta kama ana tafiya, wataƙila bel ya tsinke fanka ta tsaya, kuma 'yan mintoci sun isa su kashe injin. A tsaya nan take, kuma kada a rasa bel na ajiya a mota. Injin yana kashe, ka zura hannu ta bayan gidan fankar ka lalubo ko akwai tsumma ko leda, domin fankar tana zuƙe duk abin da aka manta a ɗakin injin, kuma motar da ta daɗe a ajiye ɓeraye sukan yi sheƙa a kan silindojin ƙarƙashin gwangwanin.

Gwangwanayen da suka lulluɓe injin kuwa, da robar da ta zagaye shi ta raba sama da ƙasa, da 'yan robobin da ke toshe ramukan fulogi, kowannensu yana da aiki. Kanikawa da yawa sukan cire su a lokacin gyara su ƙi mayarwa, suna cewa injin zai fi shan iska. Akasin haka ne yake faruwa. An tsara injin ne fanka ta ja iska mai sanyi daga sama, ta tura ta ta tsakanin haƙarƙarin silinda, ta fita ta ƙasa da zafinta. Duk inda aka bar kafa, ko dai iskar ta tsere ba ta bi ta kan silinda ba, ko kuma mai zafin da ta fita ta dawo fanka ta sake zuƙarta, kamar mai shan iskar da ya riga ya fitar. Idan wani yanki ya ɓace, maƙeran Panteka za su iya buga maka shi idan ka kai musu samfuri. A cikin gidan fankar akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa idan injin ya ɗumama. A tabbatar ba su maƙale a rufe ba. Hanya mai sauƙi ta sanin halin da ake ciki ita ce, bayan tafiya mai ɗan nisa ka tsaya ka zaro gejin mai: idan za ka iya riƙe hannunsa ko da da ɗan zafi, lafiya, idan ba ya taɓuwa sam, injin yana wuce ƙa'ida. Tuƙi ma yana da nasa rabo, domin gudun fanka yana bin juyin inji, wanda ya bar motar a giya ta huɗu tana jan ciki a cunkoson Kawo ko a hawa yana ba injin aiki mai nauyi da iska kaɗan.

Sai yanzu aka zo kan kafireta, kuma akasari wanki take so da sababbin gaskit. Solex ce, lambarta tana jikinta. A jikinta akwai wani ɗan abu mai waya da ke yanke fetur idan an kashe mota. Ka kunna makulli ka cire wayar ka mayar, ya kamata ka ji ya yi ƙas, idan bai yi ba motar ba za ta tsaya a silo ba. Cok ɗinta na lantarki ne: da safe idan ka taka totur sau ɗaya ya kamata ya rufe, bayan 'yan mintoci ya buɗe tsaye, kuma wannan ma yana cikin abin da za a duba game da wahalar tashin safe. Silo yana tsakanin juyi 800 da 900 a minti, ana saita shi injin yana da zafi. A samfurin 34 PICT-3 babban sukurun da ke gefe shi ne na silo, ƙaramin na gaurayen fetur da iska, ba a taɓa wanda ke hannun totur. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yarda a rage maka jet, wato 'yar kafar da fetur ke bi a cikin kafireta, don tsimin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan dabara ta yawaita, amma a inji mai sanyaya da iska ƙarancin fetur zafi ne kai tsaye, kuma kuɗin kan silinda ya fi abin da za a tsimanta. Launin fulogi zai gaya maka gaskiya: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi mai toka fetur ya yi yawa, fari fat kuwa ko fetur ya yi kaɗan ko iska tana satar hanya ta wani gaskit ko roba da ta tsage. Sababbin kafiretocin da ke kasuwa da yawa kwaikwayo ne da ba su kai tsohuwar inganci ba, don haka ko ta kama a canza, kada ka bar taka a gareji.

Maganar sauke inji tana da nata ma'auni. Bayan an saita bawul, a ɗumama injin, a cire fulogogi huɗun, a buɗe totur gaba ɗaya, a auna matsin kowace silinda da geji. Inji mai lafiya yakan ba da 8 zuwa 10 a ma'aunin matsi na bar. Ƙasa da 7, ko bambancin da ya wuce 2 tsakanin silinda da 'yar'uwarta, yana nuna lalacewa. Idan aka zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi awon ya tashi, ringi ne suka cinye. Idan bai motsa ba, bawul ne ko kan silinda ya saki. Sannan ka kama fulin ƙasa da hannu biyu ka tura ka jawo: wasan da aka yarda da shi milimita 0.07 zuwa 0.13 ne, iyakarsa 0.15, abin da da ƙyar hannu yake ji, saboda haka idan ka ga yana motsi da ido ko ka ji ƙwas, gangar jikin tana buƙatar aiki. Fitilar mai da ke ɗan ƙyaftawa a silo bayan doguwar tafiya ana iya haƙuri da ita, amma wadda ke kamawa ana cikin gudu ba a ƙara ko kilomita ɗaya da ita. Idan awon matsi ya yi kyau, fuli ba ya wasa, rariya ba ta da ƙarfe, babu hujjar buɗe cikin injin. Idan ma ta kama a sauke shi don canza robar na'urar sanyaya mai ko share haƙarƙarin silinda, ɗauri huɗu ne suke haɗa shi da giyabos, kuma saukewar ba ta nufin garambawul.

Kayan gyara ba su ɓace ba, domin an ci gaba da ƙera motar a Burazil har 1996, a Meziko kuma har Yulin 2003, kuma har yanzu ana yin kontak da gaskit da bel da fistan nata. Abin da ba a samu a Kaduna ba ana aikowa daga Ladipo a Legas, sai dai ka riƙa tura lambar inji da ta distiributa da ta kafireta tare da saƙon. Bayan an gama duk wannan, kada tafiyar farko ta zama Zariya. Ka yi zagaye a cikin gari da sanyin safiya, ka tsaya ka taɓa gejin mai da kwayil, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sannan ka ƙara nisa a hankali. Bayan kamar kilomita 500 a sake auna bawul ɗin da sanyi a gwada da abin da ke littafin, musamman na hayaƙin silinda ta 3. Idan har ta sake mutuwa a hanya, ka aiko mini da awon matsin silinda huɗun, da ratar da aka tarar a bawul takwas kafin a saita, da abin da ka gani a maƙogwaron kafireta da bakin wayar kwayil a lokacin da ta tsaya.